Tambaya da Amsa: Naman Raƙumi, Fara, Gyazbi da Sauran Naman da Ba Kowa Ke Ci Ba

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan nama, musamman irin wanda ba a saba gani kullum a tukunya ba. Mun raba su tsakanin likitan dabbobi, ma'aikacin duba nama a kwata da masu sana'ar girki da ke taimaka wa wannan fili. Yawancin masu tambayar sun cakuɗa abu uku wuri ɗaya: ko naman ya halatta, ko zai cutar, da ko rai na son sa. Kowanne amsarsa daban take. Inda magana ta taɓo hukunci mun faɗi abin da yake sananne a fiƙihu, fatawa kuwa ta malamai ce.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigida ya sayo naman raƙumi kilo biyu don ya fi na sa araha. Na dafa shi awa ɗaya kamar yadda nake dafa naman sa, ya fito da tauri, kuma ya tsuke ya koma rabi. Surukata ta ce ma kada in ci, wai yana tayar da tsohon ciwo. Ina na kuskure? (Uwargida daga Katsina)

AMSA: Wa alaikumus salam, uwargida. Matsalar daga shekarun raƙumin take. Wanda ake kawowa kwata daga kasuwanni irin su Maigatari, Mai'aduwa da Illela yawanci amale ne da ya gama wahalar ɗaukar kaya, ko taguwar da ta daina haihuwa. Jijiyar tsohuwar dabba ta riga ta ƙeƙashe, awa ɗaya ba ta isa ta narkar da ita ba. Ɗan raƙumin da bai wuce shekara uku ba kuwa namansa da laushi, da wuya ki bambance shi da na maraƙi. Tsukewar kuma saboda naman raƙumi ruwa ya yi masa yawa, kitse ya yi kaɗan. Kitsensa a tozo yake taruwa, ba ya ratsa tsoka, don haka idan wuta ta yi ƙarfi sai tsokar ta matse ruwanta ta bushe.

Ga yadda za ki yi da kilo ɗaya. Idan yankan ranar ne, ki bar shi kwana ɗaya ko biyu a firji, ba a firiza ba, domin nama yakan sandare 'yan awanni bayan yanka, sai ya huta yake sakewa. Ki yanka shi a gicciye, wato ki datse zaren tsokar, kada ki bi tsawonsa. Ki goga ɗanyar gwanda da ɓawonta cokali ɗaya babba, ki cuɗe naman da ita, ki ajiye awa ɗaya zuwa biyu. Kada ya wuce haka, in ba haka ba bayansa zai yi laɓo-laɓo cikinsa yana nan da tauri. Sai ki soya shi sama-sama a man gyaɗa cokali uku har ya yi ja, ki zuba albasa biyu, tafarnuwa ƙwaya shida, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, kanumfari biyar, kimba biyu da masoro rabin ƙaramin cokali. Ruwan zafi za ki zuba, daidai yadda zai rufe naman. Da ya tafasa ki rage wuta ya koma yana ɓararraka a hankali, awa biyu da rabi zuwa uku. A tukunyar furesha minti 50 zuwa 60 ya isa. Tumatir da tsamiya su jira sai naman ya yi laushi. Wasu na jefa kanwa don ya yi saurin dahuwa. Tana yi, amma tana baƙanta romo, ta bar wani ɗanɗano na sabulu a harshe, ba mu ba da shawararta ba.

Wuya, ƙarfata da ƙwauri na farfesu ne. Tsokar gadon baya kaɗai ce ke yin tsire mai kyau. In za a niƙa, a haɗa kashi huɗu na tsoka da kashi ɗaya na tozo. Tozon da zafi ake cin sa, don da ya huce yake daskarewa ya manne a ganɗa, kuma daga nan ne da yawa suka tsani naman raƙumi. A ganinmu inda ya fi dacewa shi ne dambun nama, saboda dogon zarensa yana bajewa da kyau idan an daka, kuma ƙarancin kitsensa na sa ya daɗe bai yi fumfuna ko warin mai ba.

Maganar Hajiya surukarki: dafaffen naman raƙumi bai fi sauran jan nama tayar da wata cuta da ta kwanta ba. Mai ciwon gaɓoɓi irin wanda ke kumbura babban yatsan ƙafa, shi ne ake ce wa ya rage jan nama da hanta da ƙoda, na raƙumi ne ko na rago. Haɗarin gaske a ɗanye yake. Cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012 raƙuma ne ke ɗauke da ita, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dafa namansu sosai, a tafasa nonon. A 1994 a Saudiyyar an samu waɗanda suka kamu da annobar ɗa'un bayan sun ci ɗanyar hantar raƙumi. Masu zuwa Sudan, inda cin ɗanyar hanta da yaji al'ada ce, su kiyaye. Wani abu kuma da mahajjata kan ji su rikice: a Hambaliyya cin naman raƙumi na warware alwala, bisa hadisin Jabir ɗan Samura. Malikiyya, Shafi'iyya da Hanafiyya ba su tafi a kan haka ba.

TAMBAYA: Na fara kiwon zomaye a bayan gida. Yaushe ya kamata a yanka, kuma me ya sa naman yake bushewa idan an soya? (Matashi daga Zariya)

AMSA: Ɗan'uwa, irin na waje da ke samun abinci sosai yana kai kilo biyu a sati 10 zuwa 12, na gida yakan kai wata huɗu ko biyar. Kusan rabin nauyin ne zai zama nama. Kafin ka farka ciki ka matse mararsa fitsarin ya fita, don idan mafitsara ta fashe a kan naman warin ba ya wankuwa. Ka cire matsarmama a hankali. Hantar da ka ga farin ɗigo-ɗigo a jikinta ka yar, alama ce ta cutar da ƙazantar keji ke kawowa.

Zomo ba shi da kitse, kuma gaɓoɓinsa ba lokaci ɗaya suke dahuwa ba. Ka raba shi: cinya biyu, hannu biyu, gadon baya gida uku. Ka jiƙa a ruwa lita ɗaya da gishiri cokali uku na awa biyu a firji, ko a kindirmo ya kwana. Cinya da hannu su dahu minti 45 zuwa 60 a ƙaramar wuta, gadon baya ya shiga a minti 15 na ƙarshe. Suyar minti uku ce kawai don ya yi ja. Mazhabobin nan huɗu duk sun halatta shi.

TAMBAYA: Ina son fara ƙwarai, amma duk lokacin da na soya da kaina ba ta yin ƙaras-ƙaras kamar ta 'yan Maiduguri. Sannan ƙanwata ta taɓa ci ta kwana tana amai. Fara tana da illa ne? (Wata ɗaliba daga Damaturu)

AMSA: 'Yar'uwa, fara abinci ce mai gina jiki, fiye da rabin nauyin busasshiyarta sinadarin gina jiki ne. Sahabi Abdullahi ɗan Abi Aufa ya ce sun yi yaƙi bakwai tare da Manzon Allah (SAW) suna cin fara. Turai ma ta amince a sayar da ita a matsayin abinci a 2021, abin da Maiduguri, Damagaram da Maraɗi suka daɗe suna yi.

Rashin ƙaras ɗin daga danshi ne. Ki auni busasshiyar fara kofi huɗu, ki cire fukafukai da ƙafafu, musamman na baya masu ƙaya. Ki riƙe kai ki ja a hankali, hanjin zai biyo shi. Ki wanke da ruwan zafi sau biyu saboda yashi, ki tafasa minti biyar zuwa goma da gishiri da citta, sannan ki baza a faranti a rana ko gaban fanka sai ta bushe sarai. Nan ne yawanci ake gajen haƙuri. Jiƙaƙƙiyar fara idan ta shiga mai tana sanyaya shi, sai ta sha mai ta yi lagwaf. Man gyaɗa kofi ɗaya, wuta matsakaiciya, ki soya kashi-kashi minti biyar zuwa bakwai kina juyawa har ta yi ja. Idan man ya yi zafi da yawa bayanta zai ƙone ta yi ɗaci. Yaji bayan an tsame ake barbaɗawa, a matsa lemon tsami daf da ci. In mai rai kika samu, ki bar ta ta kwana a kwando a rufe ta zubar da abin da ke cikinta, sannan ki zuba a tafasasshen ruwa da bisimilla. A Malikiyya ana so a kashe ta da niyya, ba a tsinci wadda ta mutu da kanta ba.

Aman ƙanwarki abu uku ne ke iya kawo shi. Mafi haɗari shi ne maganin feshi. Idan farar ɗango ta sauka, kamar yadda ta yi a Nijar a 2004, da magani mai guba ake yaƙar ta, kuma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana gargaɗin kada a ci farar da aka yi wa feshi. Wanki da suya ba sa tabbatar da cewa gubar ta fita. Akwai kuma masu ajiya da ke zuba maganin ƙwari a buhu kamar yadda ake yi wa wake. Duk farar da kika ji tana warin magani ko kalanzir ki bar ta. Alamomin wannan guba su ne dalalar miyau, zufa, amai, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. Asibiti ake kai mutum nan take. Manja da madara ba sa karya ta, kuma ba a sa shi amai da gangan. Na biyu, ƙayar ƙafafun tana iya cunkushewa a hanji, musamman ga yaro da ya ci da yawa. Na uku, wanda jatan lande ko ƙaguwa ke sa wa borin jini, fara ma tana iya sa masa, don sinadarin da jikinsa ke ƙi yana cikin duka ukun. Farar tumfafiya kuwa, mai launi ruwan ɗorawa, ba a cin ta sam, gubar tumfafiyar ce take tarawa a jikinta.

TAMBAYA: A hanyar Lokoja ana ɗaga mana ƙyafaffen gyazbi, abokan tafiya suna ta yabon sa. Yaranmu kuma da rani suna haƙo gafiya. Ba su ne ke kawo zazzaɓin Lassa ba? (Direba daga Funtuwa)

AMSA: Malam, dabbobi uku ne daban. Gyazbi, wasu su ce gyauji, ciyawa da rake da masara yake ci, yakan kai kilo uku zuwa biyar, har kiwonsa ake yi a Gana da Jamhuriyar Benin. Gafiya ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Babban mai ɗauke da Lassa kuwa wani ɗan ƙaramin ɓera ne mai nonuwa da yawa, wanda ke yawo tsakanin gona da rumbu. An gano cutar a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno, tana tsananta da rani, kuma Ondo, Edo, Bauchi da Taraba ne suka fi fama da ita. Sai dai yaran da ke haƙa rami ba sa tantancewa, duk abin da ya fito kamawa suke, kuma a wajen kamawa da fiɗa ake ɗaukar cutar, ta jini da fitsari, ba a dafaffen nama ba. Gafiyar ita ma ba a wanke ta ba: ƙyandar birin da ta ɓulla a Amurka a 2003 an gano tushenta ne a dabbobin da aka kai daga Gana, ciki har da gafiya. Yaron da ya yi zazzaɓi cikin sati uku bayan ya taɓa irin waɗannan dabbobi, a kai shi asibiti a faɗa wa likita abin da ya taɓa, kada a tsaya shan maganin maleriya a gida. Maganin Lassa da wuri yake aiki, kuma wasu daga cikin waɗanda suka tashi suna rasa ji.

Na bakin hanya kuwa, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yaya aka kashe shi. Wanda aka tarar ya mutu a tarko mushe ne. Wasu mafarauta kuma da guba suke haɗa abincin tarko, shi ya sa ba a cin kayan cikin naman dawa da ba ka san wanda ya kamo shi ba, ko da yake a Gana wasu har abin da ke cikin tumbin gyazbi suke zubawa a miya. Hayaƙi yana ɓoye ruɓa: ka sa wuƙa ka tsaga cinya har ƙashi ka shinshina, idan cikin ya yi kore, ko yana yauƙi, ko akwai tsutsa, ka bar musu kayansu. Da zarar an cire kai da ƙafafu an ƙyafe, gyazbi da mage da ƙaramin biri sai wanda ya ƙware ke bambancewa.

In dai ana son ɗanɗanawa, a sayi na kiwo da rai a yanka. A sa safar roba, a tsoma shi a ruwan zafi a kankare gashin, a babbake saura, don da fatarsa ake ci. A dafa awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi da kimba, gyaɗar miya da attaruhu, sai nama ya saki ƙashi. Idan da bindiga aka harbo, a yanke naman da ke kewaye da raunin a tsince harsashin, saboda dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Malaman Malikiyya sun lissafa zomo da bushiya cikin halal, dangin ɓera kuwa akwai saɓani a kansu. Jemage da biri mu dai ba mu ga dalilin kusantarsu ba, an sha danganta ɓarkewar Ebola da taɓa gawarsu.

TAMBAYA: An ba mu kyautar agwagwa biyu, amma ni ko ƙamshinta ba na so, ƙarni take min. Akwai dabara? (Maman yara daga Haɗeja)

AMSA: Akwai, kuma tun kafin yanka take farawa. Agwagwar da ke yawo a kwatami ɗanɗanon abin da take ci ne ke shiga kitsenta. Ki tsare su kwana uku zuwa bakwai a kan dusa, masara da ruwa mai tsabta. Malamai ma sun yi maganar tsare dabbar da ke cin ƙazanta kafin a yanka. A janye abinci awa takwas zuwa goma sha biyu kafin yanka, a bar ruwa, kuma a rataye ta jini ya tsiyaye sosai.

Gashinta ba ya shan ruwa, don haka tana son ruwan da ya fi na figar kaza zafi, kamar digiri 65 zuwa 70, da ɗigon sabulun wanke-wanke, minti biyu zuwa uku ana motsa ta. Abin da mutane ke mantawa shi ne wasu ƙullutai biyu ruwan ɗorawa a saman gindin wutsiya, inda take matso man da take shafa wa gashinta. A yanke su gaba ɗaya, rabin ƙarnin daga nan yake. A cire dunƙulen kitsen da ke bakin ciki, a kankare huhu da gudan jinin da ke manne a ƙashin baya, a goge ta da lemon tsami biyu da gishiri. Ki tafasa minti goma ki zubar da ruwan farko, sannan ki dafa da citta, kanumfari da tafarnuwa awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In gashi za ki yi, ki tsattsaga fatar kada ki taɓa tsoka, ki fara da ƙaramar wuta man ya tsiyaye. Wadda ta yi ciwo ko ake ta mutuwa a garkensu ba a yanka ta. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka a jihar Kaduna a 2006, agwagi na iya ɗauke da ita ba tare da sun nuna ba. Idan kin yi duk wannan ranki bai karɓa ba, ki dafa wa masu so ki ci kazarki.

TAMBAYA: Ana ta raɗe-raɗin ana cakuɗa naman jaki da na doki cikin na sa. Yaya mutum zai gane? (Mai sayar da abinci, Sabon Garin Kano)

AMSA: Hajiya, a babban yanki ana ganewa. Naman doki da na jaki ya fi na sa duhu, idan ya sha iska yakan yi baƙi-baƙi, kuma yana da ɗan zaƙi-zaƙi a baki. Kitsensu ruwan ɗorawa ne mai laushi, yana maiƙo a yatsa ko da ya huce. Kitsen shanunmu ma yakan yi ɗorawa-ɗorawa, amma shi yana daskarewa ya yi ƙarfi. Haƙarƙarin doki da jaki 18 ne a kowane ɓangare, sirara, na sa 13 masu faɗi, na raƙumi 12. Ƙodar sa gunduwa-gunduwa take, ta doki sumul. Hantar doki da ta raƙumi ba su da matsarmama. Amma da zarar an yayyanka ƙanana, ko an niƙa, ko an yi kilishi an shafe da tunkuza da yaji, ido da harshe ba sa iyawa, sai gwajin ƙwayar halitta. Da shi aka bankaɗo naman doki a cikin abincin da aka rubuta wa naman sa a Turai a 2013. Kariyarki ita ce sayen naman da ya fito daga kwata bayan an duba shi, wajen mahaucin da Sarkin Fawa ya san da zamansa, kuma ki yi zargin arahar da ta wuce hankali.

Dalilin yawaitar naman jaki fatarsa ce, wadda ake kaiwa Sin a yi wani maganin gargajiya. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024. Hukuncin dabbobin biyu ba ɗaya ba ne. An hana cin jakin gida tun ranar Khaibar, shekara ta 7 bayan hijira. Doki kuwa Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta shi, Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito cewa sun yanka doki sun ci a zamanin Annabi (SAW), amma abin da ya shahara a Malikiyya shi ne hanawa. A Kazakistan abincin girmama baƙo ne, a Faransa da Italiya akwai mahautansa na musamman. Ko a wajen mai halattawa, sayar da shi da sunan naman sa algus ne.

TAMBAYA: Maigidana ba ya cin naman akuya, wai yana sa shi ƙaiƙayi. Ni ina ganin tsirfa ce kawai. Ƙawata ta ce in dafa in ce masa na rago ne, in ga ko zai gane. In yi? (Amarya daga Gombe)

AMSA: Kada ki yi, amarya. In da gaske jikinsa ne ke ƙi, kin jefa shi a haɗari. In kuma ransa ne kawai, ranar da ya gane ba zai ƙara sakin jiki da tukunyarki ba. Akwai borin jinin da cizon kaska ke haddasawa, inda jiki yake juya wa naman dabbobi masu shayarwa baya. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne ba nan take yake tasowa ba, sai bayan awa uku zuwa shida, sau da yawa cikin dare. Amma mai irin wannan ba akuya kaɗai ke tayar masa ba, har sa da rago, kaza da kifi ne ba sa yi masa komai. Ki rubuta abin da ya ci da lokacin da ƙaiƙayin ya fara na 'yan makonni, ku kai wa likita. Wani lokacin ma laifin na ƙuli-ƙulin yajin ne ko wani abin da ke cikin miya. Kumburin leɓe ko harshe, ko shaƙewar numfashi, na gaggawa ne.

In wari ne ke korarsa, ki sani na bunsuru ne, daga wasu ƙullutai a bayan ƙaho da fitsarin da yake fesa wa gashinsa. Taure ko 'yar akuya da ba ta kai shekara ba ba su da shi, muddin mai fiɗa bai bar gashi ya taɓa nama ba. Ki gaya masa gaskiya, ki ba shi tsoka ɗaya ya gwada in ya yarda. In ya ƙi, yana da madogara. An kawo gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, Manzon Allah (SAW) ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haram ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci, yana kallonsa bai hana ba. Abu Huraira kuma ya ce Annabi (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Yara ne ake maimaita wa abinci, sau goma ko fiye, kaɗan-kaɗan ba tare da tsawa ba, don sukan saba. Babban mutum ana tambayarsa ne.

TAMBAYA: An turo ni bautar ƙasa Kalaba. Miyarsu cike take da dodon koɗi da ƙaguwa da jatan lande. Me zan ci, me zan bari, ba tare da na ɓata wa masu masaukina rai ba? (Ɗan bautar ƙasa, ɗan asalin Birnin Kebbi)

AMSA: Barka da hidima, ɗan'uwa. A Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, Hanafiyya ce ta taƙaita ga kifi. Dodon koɗi na tudu Malikiyya sun ba shi hukuncin fara. Abin da za ka kiyaye: idan ka ji an ce 404, naman kare ake nufi, kuma ka riƙa tambaya ko tukunya ɗaya ko mai ɗaya aka yi da naman alade. Ka faɗa musu tun ranar farko abin da addininka ya hana, ka kuma bambanta shi da abin da ba ka saba ba kawai, za su fi girmama ka. Naman yanka kuwa ka nufi Bogobiri, unguwar Hausawa, akwai mahauta da masu tsire. In kana da borin jatan lande ka faɗa da babbar murya, don niƙaƙƙensa ake zubawa a kusan kowace miya, ba a ganinsa.

Ƙaguwa da rai ake saya, matacciya tana saurin lalacewa. A dafa ta minti 15 zuwa 20 bayan ruwa ya tafasa. Ta rafi wadda ba ta dahu ba tana ɗauke da wata tsutsa da ke zama a huhu, an san ta a kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, tana sa tari da jini har a ɗauka tarin fuka ne. Duk wanda ya yi irin wannan tari bayan ya zauna a can ya faɗa wa likita ya ci ƙaguwa. Dodon koɗi kuma yauƙinsa ne ke korar Bahaushe. Ga guda goma: a tsoma a tafasasshen ruwa da bisimilla, a fasa ƙoƙon, a yanke baƙin kayan cikin a yar, a bar tsokar. A murje da gishiri cokali biyu da lemon tsami huɗu, a ɗauraye, a maimaita sai ya daina santsi a hannu. Masu amfani da alif su ɗauraye sosai, yana sa tsokar tauri idan ya jima a kai. A dafa minti 20 da albasa da citta, sannan a soya da attaruhu. Ka fara da soyayyen, ya fi sauƙin shiga fiye da wanda ke cikin miya.